Ruwan da Habsa Ta Ƙi Sha

"Karo na uku ke nan, Habsa! Karo na uku kina ɗage bukin ga!"

Magagi bai saba ɗaga murya ba, shi ya sa matan da ke sayar da cuku a layin suka juyo gaba ɗaya. Ranar Lahadi ce, kasuwar Filinge ta cika. Ya baro wajen shanu inda yake yi wa dabbobi allura, rigar aikinsa na warin magani, a hannunsa akwai ledar ruwan sanyi guda biyu.

Habsa na tsaye a bayan faifan cukunta. Ba ta zama a kasuwa. Kowa ya ɗauka ciwon bayanta ne ke hana ta.

"Ka rage murya, likitan shanu," ta ce. "Mutane na kallonmu."

"Su kalla! An sa rana bayan girbi, kinka ce bayanki. An sa bayan azumi, kinka ce sai kin ƙara jin ƙarhi. Yanzu kuma mi?"

"Yanzu... ka nemi wata."

Ya dube ta kamar yadda yake duban saniyar da ta ƙi cin abinci, yana neman inda ciwon yake.

"Leɓenki duk ya bushe," ya ce a hankali. "Ungo, sha ruwa tukuna, sa'annan ki maimaita."

"Ba ni jin ƙishirwa."

"Cikin wagga rana? Habsatu, ko baƙon da ya zo da gaba shina shan ruwan gida. Ni nawa ruwan ne ba ki sha?"

Ta so ta ba shi amsa. Amma a daidai lokacin ta ji ɗumin da ta fi tsoro yana bin cinyarta. Ta ja mayafinta ƙasa, ta ce wa maƙwabciyarta ta duba mata faifan, ta bi ta bayan rumfuna da sauri.

"Habsa! Habsa!"

Ba ta waiwaya ba. Ya tsaya da ruwan a hannu har sanyinsa ya gushe.

*

Abin ya faro ne damina biyu da suka wuce, ranar gayyar girbi a gonar Gwaggo Asta, ƙanwar mahaifin Magagi, wadda ta raine shi tun rasuwar uwarsa. Habsa na kan amalanke bisa dammunan hatsi lokacin da bijimin da ke ja ya firgita a gangaren dutse. Ta faɗo ta baya, ƙugunta ya daki dutse.

Ta yi watanni a kwance. Da ta miƙe, kowa ya yi hamdala. Ƙafar hagu kawai ta ɗan riƙa ja, ita ma ba sosai ba.

Abin da bai miƙe ba, daga ita sai mahaifiyarta Inna Jummai suka san shi. Habsa ta daina jin lokacin da fitsari ya taru. Wani lokaci ya ƙi fita, wani lokaci ya zubo ba sallama. Ta koyi ɗaura tsumma ninki-ninki. Ta daina zama kan tabarmar mutane, ta daina zuwa buki, ta koma sallah ita kaɗai a ƙuryar ɗaki. Sannan ta gano dabarar da ta fi kowace: in za ta fita, ba ta shan ruwa.

Inna Jummai kuwa tana shanya tsummokaran a cikin rumbu, inda ido ba ya kai wa.

Kwana kaɗan bayan rigimar kasuwa, zazzaɓi ya kwantar da Habsa, da ciwo a kwiɓi. Wannan ne karo na farko da maganin asibitin gari bai sauke shi ba. Aka rubuta musu takardar zuwa babban asibitin birnin Yamai.

Likitan da ya gan su a can mutum ne mai gajeren bayani. Ya ɗaga hoton cikinta ga hasken taga.

"Faɗuwar ta taɓa jijiyoyin da ke kai saƙo tsakanin laka da mafitsara," ya ce. "Mafitsarar ta ƙanƙance, ta yi tauri. Tana matse fitsari, wani ya zubo waje, wani ya koma sama wajen ƙoda. Wanda ke zubowa shi ke ba ki kunya. Wanda ke komawa shi zai iya kashe ki."

Aka gwada ƙwayoyi da ƴar robar fitar da fitsari, wadda ma'aikatan ke kira sondi. Bayan ƴan watanni suka koma, hoton bai canza ba.

"Sai aiki," in ji likitan. "Za mu yanko ɗan yanki na hanjinki mu ƙara wa mafitsarar faɗi, kamar yadda ake ƙara wa riga ƙyalle. Yoyon zai tsaya, ƙodar ta huta. Amma ki ji da kyau: ba za ki koma kamar da ba. Da sondi za ki riƙa fitar da fitsari, sau da yawa a yini, har ƙarshen rayuwa. Kuma za a bar miki tabo daga cibiya zuwa mara."

Inna Jummai ta dafe ƙirji.

"Tabo a mara? Likita, budurwa ce hwa! An sa mata rana!"

A ƙasar Kurfai, inda Filinge take, kamar sauran wurare, yoyon fitsari suna ɗaya gare shi a bakin mutane: ciwon matar da ta yi doguwar naƙuda. Tabon mara kuwa na wadda aka ciro wa ɗa ne. Babu wanda ya taɓa jin an same su ta hanyar faɗowa daga amalanke.

A masaukinsu Inna ta yi ta kuka.

"Ranar wankan amarya Asta ce za ta tuɓe ki. Asta, wadda ta karɓi haihuwar rabin unguwa! Mi za ta ce in ta gani? A bari a ɗaura auren tukuna, in ya so daga baya..."

Malam Sule, mahaifin Habsa, ya ajiye carbinsa.

"In ƙodar ta mutu, wa za a wanke, Jummai? Amarya ko gawa?"

Inna ba ta sake musu ba. Sharaɗi ɗaya ta kafa: a gida za a ce Habsa ta tsaya wajen dangi tana sayen kayan ɗaki.

*

Aikin ya yi kyau. Habsa ta farka da robobi a cikinta da jakar fitsari rataye a gefen gado. Wata ma'aikaciya Bazabarma ce ta koya mata wanke hannu, da sa sondi, da ɗauraye sabuwar mafitsarar saboda majinar da hanji ke yi. In Habsa ta yi kuskure ta fashe da kuka, matar ta dafa ta ta ce, "Kala suru, ƙanwata. Sai haƙuri."

Ranar da ta fara wayar gari zanenta a bushe, ta daɗe tana shafa shi da tafin hannu.

"Yanzu doka ta juya," in ji likitan da zai sallame ta. "Ki sha ruwa da yawa. Ƙishirwa ce abokiyar gabarki."

Sai dai wata mata ƴar unguwarsu, da ta kawo jinyar ɗanta, ta riga ta hango ta a baranda tana tafiya a duƙe, riƙe da jakar fitsari. Matar ba ta ƙirƙiri komai ba. Abin da ta gani ta faɗa. Sauran, garin ne ya cike.

Kafin motarsu ta iso Filinge, labarin ya riga ya yi ƙafafu: ciki ne, an ɓoye shi, ɗan bai zo da rai ba, an yanka ta, ta samu yoyo. Har an samu masu cewa dama sun lura da yadda take ɗaura zane.

Akwatin auren da aka ce za a kawo, Gwaggo Asta ta mayar da shi ƙarƙashin gadonta.

*

Magagi ya zo da la'asar. Ya rame. Ya zauna a bakin tabarmar zaure, ita ma, a karo na farko cikin dogon lokaci, ta zauna.

"Sannu da jiki."

"Yauwa. Ka zo ka tambaye ni ko gaskiya ne?"

"A'a."

"Ka tambaya mana. Kowa na so ya sani."

"Na san ki tun kina tallan hura da kwano ya fi kanki girma. Ba wannan ta kawo ni ba. Wajen masu shan shayi na ji an yanka ki, Habsa. Masu shayi! Ni da na ce zan aure ki."

Ta sa hannu cikin jakarta, ta fiddo wani tsabtataccen ƙyalle, ta warware shi a gabansa. Siririyar roba ce, ba ta kai tsawon tafin hannu ba.

Ta gaya masa komai, ba ta sassauta ko kalma ɗaya ba. Tsummokara, rumbu, hanji, tabo. Ta ce duk inda za ta, robar ga na tare da ita, da sabulu, da buta. Ta ce ba warkewa ba ce, gyara ne.

Ta ga fuskarsa ta motsa, ta ga ya kawar da ido daga robar, sannan ya dawo da shi. Ta ji daɗin da bai yi saurin cewa ba komai ba.

"Ranar kasuwa..." ya ce. "Ruwan da na kawo miki..."

"In na sha, da na jiƙe a gabanka."

Ya rufe fuska da hannu biyu.

"Wayyo, Habsatu. Ni kuwa na tahi gida na kwana ina cewa kin daina so na."

"Da na daina, da ya fi mini sauƙi."

Ya share ido da hannun riga, ya yi ƴar dariya marar ƙarfi. "Ni da nike wuni hannuna cikin saniya har kahwaɗa, ni za ki ɓoye ma roba?"

"To ni saniya ce?"

"Wace saniya? Ke ai garke guda ce!"

Ta yi murmushi, amma bai daɗe ba. "Gwaggo hwa?"

Ya sunkuyar da kai. "Na yi mata bayani tun kahin in ji naki. Ta ce namiji in shina so, ko tulu ya hwashe cewa zai yi raɓa ce. Ta rantse ba ta wanke ki." Ya ɗago. "A ɗaura ba da ita ba. In kama ɗaki a garin Damana, in nemi canjin wurin aiki."

"A'a."

"Habsa..."

"Matar da ta goya ka? Ka bar ta sabili da ni, sa'annan garin ya ce ga shaida? Ba ni shiga gidan da anka rantse a kaina, kuma ba ni raba ka da uwa."

"To mi za mu yi?"

"Kai ba ka yin komi. Wagga magana ta mata ce."

*

Budurwar da aka sa wa rana ba ta taka gidan surukai. Ko a hanya ta hango su, sai ta sake lungu. Shi ya sa da hantsi, lokacin da Habsa ta yi sallama a gidan Gwaggo Asta ɗauke da bokitin ruwan ɗumi, da sabulu da soso a cikin ƙwarya, matan da ke sussuka a tsakar gida suka tsaya da taɓare a sama.

Inna Jummai ta biyo ta har bakin ƙofa tana roƙo, sannan ta tsaya a waje.

Gwaggo Asta na zaune kan kujera ƴar tsugunne tana tsince wake. Doguwar tsohuwa ce, mai ƙarfin hannu. Habsa ta durƙusa.

"Ina kwananku, Gwaggo."

"Lahiya. Ɗiyar Sule, kunyar ma an yanke ta a Yamai?"

Wata daga cikin matan ta ƙyalƙyale, ta yi saurin toshe baki.

"An ce kun rantse ba ku wanke ni ranar buki," in ji Habsa. "Ba ni son ku yi kaffara. Yau ba buki ba ne. Ku wanke ni yau, ku ga abin da za ku gani. In kun gama kunka ce a hwasa, wallahi ni da bakina zan sallami Magagi."

Tsohuwar ta daɗe tana dubanta. Sannan ta ture faifan waken.

"Ɗauko bokitin."

A makewayi, bayan katangar zana, Habsa ta kwance zanenta. Tabon na nan ja, a miƙe daga cibiya zuwa ƙasa. Gwaggo ta tsuguna. Ta dubi tabon, ta dubi fatar cikin, ta dubi ƙirjin. Idon da ya ga ɗaruruwan masu jego bai buƙaci dogon lokaci ba. Wannan jikin bai taɓa ɗaukar ciki ba. Bakinta ya saki.

Habsa ta juya mata baya.

A ƙasan ƙugu akwai wani tsohon tabo, da ɗan lotsawa a tsakiyar ƙashi. Gwaggo ta ɗora yatsa a kai. Ta san wurin. Ita ce ta fara isa gindin dutsen ranar gayya, ita ta danne jinin da kallabinta.

"Nan ne?"

"Nan ne, Gwaggo. Jijiyar da ke riƙe fitsari nan ta bi."

"Tun ranar?"

"Tun ranar."

"Damina biyu... kina zuwa kasuwa, kina gaishe ni a hanya... Ke da Jummai kunka haɗiye wanga abu ku kaɗai?"

"Mun ji tsoron abin da za a ce."

"Ga shi an ce."

Tsohuwar ta miƙe, gwiwoyinta suka yi ƙara. Fuskarta ta koma yadda take.

"Zargin na janye shi, Allah shi gahwarta mini. Amma ina da tambaya, kuma kar ki yi mini zaƙin baki. Magagi shi kaɗai ɗan'uwana ya bari. Kina haihuwa?"

Habsa ta san amsar da za ta buɗe akwatin nan take. Ta haɗiye ta.

"Likita ya ce masu irin aikina suna haihuwa, amma sai a babban asibiti, ana duba su. Bai yi mini alkawari ba, ni ma ba ni yi muku. Robar da nike amfani da ita kuwa, ba ranar ajiye ta. In kuna neman amarya marar aibi, ba ni ba ce."

Daga tsakar gida ba a jin ko taɓarya ɗaya.

Gwaggo ta tsoma hannu cikin bokitin, ta yarfe.

"Ruwan ga ya huce. Ɗaura zanenki."

Ta fice. Habsa ta tsaya da zane a hannu, ba ta san ko an karɓe ta ko an kore ta ba. Ta ɗaura, ta fito, ta doshi ƙofa da bokitinta.

"Ke!" Muryar tsohuwar ta tsayar da ita. "Wa ya ce ki tahi da shi? Ajiye nan. Ni ba ni wanke amarya da ruwan sanyi, ba lalle, ba guɗa, awa wadda anka sato." Ta juya wajen matan. "Ku kuma da kunka miƙe kunnuwa awa jakkai, ku ji da kyau. Ni Asta na ga cikin da ya haihu, na ga wanda bai haihu ba. Duk mai sauran magana kan ɗiyar ga, ta zo ta hwaɗa mini, in tuna mata abin da na gani ranar tata naƙudar!"

Babu wadda ta zo.

A waje, Inna Jummai ta zauna a ƙasa tana kuka, ba ta damu da masu wucewa ba.

*

An ɗaura auren bayan girbi. Maganar gari ba ta mutu gaba ɗaya ba. Irin wannan ba ta mutuwa, tsufa take yi. Amma Gwaggo Asta ce ta wanke amarya, kuma an ji guɗarta har bakin kasuwa.

Kafin bukin ta sa magini ya yi ɗan makewayi a jikin ɗakin amarya, da siminti, da ƙofar kwano, da ƴar kanta ta ajiye sabulu. Da aka tambaye ta dalili, ta ce kuɗinta ne.

Washegarin tarewa, da azahar, baƙi sun ragu, rana ta take. Habsa na zaune a bakin gado, hannuwanta jajir da lalle. Magagi ya yi sallama ya shigo da kwanon sha cike da ruwan randa. Ya tsaya a gabanta, ya kasa miƙawa.

"Amarya... in ba ki jin ƙishirwa, ba dole."

"Likitan shanu, ka zama matsoraci?"

"An taɓa ƙi na a bainar kasuwa. Mutum shina tunawa."

Ta karɓa da hannu biyu. Ta yi bismilla, ta kafa kai. Yana tsaye yana kallon maƙogwaronta na motsi, har ta ga gindin kwanon. Ta sauke numfashi, ruwa na ɗiga daga haɓarta, idanunta sun cika.

Ta miƙa masa kwanon.

"Ƙaro," ta ce.